Ba a binne Wotafol ba, kuma Ajayil ba maganin kowace cuta ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan jaridar nan, Allah ya ƙara basira ya bar zumunci.

Abin da ya sa na zauna na rubuto maka shi ne rubutun nan da ya fito kwanakin baya a shafinku na kimiyya da fasaha, wanda ya kwatanta hanyoyin da ake bi wajen gina manhajar kwamfuta. Wallahi na ji daɗin ganin irin wannan magana da Hausa don ba kasafai ake samu ba, amma akwai wuri ɗaya da ya tsaya min a rai har na kwana ina juya shi, wato inda marubucin ya yanke hukunci cewa wai tsarin Wotafol, wato gina manhaja mataki bayan mataki ba komawa baya, ya mutu an binne shi, yanzu duk mai hankali Ajayil zai bi, wato gina ta kaɗan kaɗan ana nunawa ana gyarawa. Ni sana'ata ke nan shekara da shekaru, nazarin tsari da zana shi kafin a gina manhaja, kuma ina koyar da matasa wannan fanni, to na san irin ɓarnar da wannan magana take yi wa ɗalibi in ya haddace ta bai san tushenta ba. Shi ya sa na ce bari dai in sa baki.

Don amfanin wanda ba fanninsa ba ne, ga yadda abin yake. Kafin a rubuta ko layi ɗaya na kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ta bi, dole wani ya je ya zauna da mutanen da za su yi amfani da manhajar ya ga yadda suke aiki a yanzu, wace takarda ce ke zuwa daga ina, wa ke sa hannu, wane bayani ake ajiyewa, ina aikin yake maƙalewa. Wannan shi ne nazari. Sai ya zana yadda sabon tsarin zai kasance, rumbun bayanai da fuskar da mutum zai gani da yadda sassan za su riƙa magana da juna, wannan kuma shi ne zane. Duk rigimar Wotafol da Ajayil da sauransu a kan abu ɗaya take, shin wannan nazari da zane a yi shi gaba ɗaya tun farko ne, ko a riƙa yin sa kaɗan kaɗan ana gini ana komawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce kar a yi shi.

Wotafol sunan ruwan da ke zubowa daga kan dutse ne, in ya gangaro ba ya komawa sama. A tattara buƙatu a rubuta a sa hannu, sai a yi zane, sai a rubuta kod, sai gwaji, sai a miƙa wa mai aiki, kowane mataki sai ya ƙare na gaba zai fara. Ba haka kawai aka ƙirƙiro shi don a wahalar da mutane ba fa. A shekarun 1960 ayyukan manhaja sun girma sun fi ƙarfin masu yin su, kuɗi na ƙarewa lokaci na wucewa abin da aka gina ba ya aiki, har a 1968 ƙungiyar NATO ta kira taro a Garmisch ta ƙasar Jamus don a tattauna yadda za a mai da rubuta manhaja aikin injiniya mai ƙa'ida. Sai a 1970 Winston Royce ya fitar da maƙalar da kowa ke jingina mata Wotafol. Ga abin da nake so masu karatu su ji da kyau, don ina ganin ɗalibai da yawa har su gama karatu ba wanda ya faɗa musu: Royce bai ma yi amfani da kalmar Wotafol a maƙalar ba, kuma bayan ya zana matakan nan a jere shi da kansa ya ce bin su sau ɗaya tak daga sama zuwa ƙasa yana da haɗari, gayyatar faɗuwa ne, saboda gwaji yana zuwa ne can a ƙarshe lokacin da in an gano matsala sai an koma an rushe zane. Shawarar da ya bayar ita ce a yi aikin sau biyu, na farko ƙarami na koyon darasi, sannan a sa mai aikin a ciki tun da wuri ya riƙa gani yana tofa albarkacin bakinsa. Mutane suka ɗauki zanen da ke farkon maƙalar suka bar gargaɗin da ke bayansa. To in za a yi adalci, mutumin da ake cewa shi ne uban Wotafol ya fi kusa da 'yan Ajayil a tunani fiye da yadda ake zato.

Me ya sa to aka rungumi na sau ɗayan? Saboda ya dace da yadda ake ba da kwangila. Gwamnati ko babban kamfani yana so ya san me za a ba shi, nawa ne, yaushe, ya sa hannu, mai binciken kuɗi ya zo ya ga takarda. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idarta DOD-STD-2167 a 1985 wadda ta tura 'yan kwangila bin mataki mataki da tulin takardu, sai a 1994 ta maye gurbinta da wata da ta ba da damar yin aiki zagaye zagaye. A Birtaniya ma gwamnati ta ɗauki SSADM a farkon shekarun 1980, tsari mai nauyin takardu da zane-zanen yadda bayanai ke gudana. Ban ga laifin mai kuɗi don ya ce yana so ya san abin da zai saya ba, hakkinsa ne, kuma har gobe in kwangilarka ta ce kuɗi kaza, aiki kaza, rana kaza, ba canji, to ko ka kira kanka ɗan Ajayil sau dubu Wotafol kake yi, sunan kawai ka canza.

Raunin Wotafol na gaskiya shi ne yana ɗauka cewa mutum ya san abin da yake so tun kafin ya gani, kuma yana iya faɗa. A aiki ba haka ba ne, gani ya kori ji. Na taɓa yin aikin wata manhajar kula da kayan sito a wata ma'aikata, muka yi zama da manyan wurin, suka lissafo mana yadda kaya ke shiga da yadda suke fita, an kawo kaya a rubuta, an nemi kaya a cike fom, shugaba ya sa hannu, a fitar. Muka rubuta takardar buƙatu mai kauri, kowa ya sa hannu, muka tafi muka yi wata da watanni muna gini, muka gwada komai ya yi daidai da takarda. Ranar da aka kunna a sito ko azahar ba a yi ba aiki ya tsaya cak. Ashe akwai wani tsohon littafi a durowar mai kula da siton wanda ba wanda ya ambata mana, a ciki yake rubuta kayan da aka fitar da gaggawa kafin fom ya iso, da kayan da aka kawo rabi saura sai daga baya, da waɗanda aka dawo da su don sun lalace, kuma kusan kullum sai an yi ɗaya daga cikin ukun nan. Manhajarmu ba ta san da su ba, in babu fom ba ta barin kaya su fita. Shugabannin ba ƙarya suka yi mana ba, sun faɗi yadda aikin ya kamata ya tafi ne a ƙa'ida, shi kuwa wannan bawan Allah shi ya san yadda yake tafiya a zahiri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin ya dame ni ƙwarai don mutumin ya sha faɗa a ranar a kan laifin da ba nasa ba. Da mun kai masa ko samfuri ne a wata na farko ya taɓa da hannunsa, da a minti goma zai ce mana to ina zan sa kayan gaggawa?

Irin wannan in ya faru a babban aiki asarar ba kaɗan ba ce. Hukumar FBI ta Amurka ta yi shekaru tana gina manhajar adana fayilolin bincike mai suna Virtual Case File, a 2005 aka watsar da ita bayan an kashe kusan dala miliyan 170, buƙatu na ta canzawa, an kuma shirya kunna komai rana ɗaya. A Ingila shirin haɗa bayanan marasa lafiya na hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, da aka fara a 2002 an sanar da wargaza shi a 2011, kuɗin da ya ci ya kusa fam biliyan 10, kuma cikin manyan koke-koken da aka yi akwai cewa daga sama aka tsaro shi da manyan kwangiloli ba a saurari likitoci da asibitocin da za su yi amfani da shi yadda ya kamata ba. Duk wannan na yarda da marubucinku a kai, ban zo kare Wotafol ido rufe ba.

Inda rubutun ya yi tsalle shi ne ya tashi daga 1970 ya dira a 2001 kamar ba a yi komai a tsakani ba. Akwai hanyar samfuri, a yi wani abu na wucin gadi a nuna wa mai aiki ya gyara tunaninsa, akwai RAD wadda James Martin ya yaɗa a 1991 mai gaggauta gini ta hanyar zama da masu amfani da ƙayyade lokaci. Amma wanda ni na fi so a koya wa ɗalibai da kyau shi ne na Barry Boehm na 1986, Sifayiral, mai zagaye irin na katantanwa. Shi tambayarsa ɗaya ce a kowane zagaye, mene ne abin da ya fi iya kashe wannan aiki a yanzu? In rashin sanin abin da mutane ke so ne, yi samfuri. In tsoron na'urar ba za ta ɗauki yawan jama'a ba ne, fara gwada wannan kafin ka ɓata lokaci kan launin fuska. In haɗarin ya fi ƙarfin amfanin, a tsaya tun ba a yi nisa ba, wanda shi ma nasara ce ko da yake ba a son faɗa. Yana da tsada kuma yana buƙatar wanda ya iya hango haɗari, shi ya sa ƙananan ayyuka ba sa bin sa yadda yake a littafi, amma wannan tambaya tasa ni ban taɓa shiga aiki ban yi ta ba, ko wace hanya ake bi.

Sai Ajayil. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a wani wurin shaƙatawa mai suna Snowbird a jihar Utah ta Amurka suka fitar da 'yar gajeriyar sanarwa, suka ce sun fifita mutane da mu'amalarsu a kan tsari da kayan aiki, manhaja mai aiki a kan tulin takardu, haɗa kai da mai aiki a kan jayayyar kwangila, karɓar canji a kan bin shiri sau da ƙafa. Amma a ƙarƙashin waɗannan huɗun akwai jimla ɗaya da ake yawan tsallakewa, inda suka ce abubuwan ɓangare na biyun ma suna da daraja, na farkon ne dai suka fi. Ba su ce a ƙona takardu ba, ba su ce kar a yi shiri ba. Kuma su ma ba a ranar suka ƙirƙiro hanyoyin ba, kowa da tasa ya zo. Sikram, ɗaya daga cikin hanyoyin nan, ya samo suna daga wasan rugbi ta wata maƙala da Jafanawa biyu Takeuchi da Nonaka suka rubuta a 1986, Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da shi ga masu manhaja a 1995. A cikinsa ana yanka aiki zango zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, da yawa sati biyu suke yi, tawaga ƙarama da ba ta cika wuce mutum 10 ba, kullum a yi taron minti 15, akwai wakilin mai aiki da ke riƙe da jerin buƙatu yana cewa wannan ya fi wancan muhimmanci, ƙarshen zango a nuna abin da ke aiki a ji ra'ayi. Wata hanyar kuma, XP (Extreme Programming) ta Kent Beck, ita ta fi matsa wa wajen ingancin kod, a rubuta gwaji kafin a rubuta kod ɗin, mutum biyu su zauna kan kwamfuta ɗaya, a riƙa haɗa aiki a kai a kai. Kanban kuwa daga masana'antar motocin Toyota aka aro shi, allo da katuna, a ƙayyade yawan aikin da ake riƙe da shi lokaci guda don kar a fara goma ba a gama ɗaya ba. Kuma yana aiki, ba musu. Ita FBI ɗin da na ambata, aikin da ya biyo baya mai suna Sentinel da aka fara a 2006 shi ma ya so ya maƙale, a 2010 hukumar ta karɓe shi daga hannun ɗan kwangila ta rage ma'aikata sosai ta koma zangon sati biyu biyu, a 2012 aka kunna shi.

To amma Malam Edita Ajayil yana da sharuɗɗa, kuma masu tallarsa ba sa son dogon bayani a kansu. Na farko kuma mafi wuya, sai an samu mutum daga ɓangaren mai aiki wanda ya san aikin, yana da ikon yanke hukunci, kuma yana da lokacin zama da ku kowane sati. Irin wannan mutum a kowace ma'aikata shi ne wanda aka fi buƙata a wani wurin, don haka sai a turo maka wanda ba shi da iko, duk abin da ka tambaya ya ce sai ya ji daga sama, zango ya ƙare amsa ba ta zo ba. Aikin biyan albashi na kamfanin Chrysler wanda a kansa aka haifi XP, Kent Beck ya shigo shi a 1996, ya kai ga biyan ma'aikata kusan 10,000 cikin 87,000 da aka nufa, a shekarar 2000 aka soke shi, kuma cikin abubuwan da suka faru har da wakiliyar mai aikin da ta gaji ta bar wurin aka kasa samun madadinta. Sharaɗi na gaba shi ne girman tawaga. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, a kamfanin IBM, tun 1975 ya ce ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa makara yake yi, kuma lissafin a fili yake, mutum 5 hanyoyin magana tsakaninsu 10 ne, mutum 10 sun zama 45, mutum 50 kuwa 1,225. Taron tsaye na minti 15 yana riƙe mutum bakwai, ba ya riƙe ɗari uku, a nan dole rubutu da zane su dawo ko ana so ko ba a so. A Birtaniya shirin tallafin Universal Credit da Ajayil aka fara shi, a 2013 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahoto cewa ma'aikatar da ke kula da shirin ba ta da cikakken hoton yadda tsarin zai yi aiki, aka yafe fam miliyan 34 na manhajar da ba za ta yi amfani ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda kalmar ta zama mafakar wanda ba ya son wahalar nazari. Ka tambayi matashi ina zanen rumbun bayananka, ya ce ai mu Ajayil muke yi. An taɓa kira na in duba wani aiki da tawagarsa ke gudu sosai, kowane sati biyu da sabon abin nunawa, kowa na yabo, ashe tun zangon farko sun gina rumbun bayanan a kan cewa kowane ma'aikaci a sashe ɗaya yake kuma shugaba ɗaya gare shi, ba wanda ya tsaya ya tambaya. Da aka zo kan lissafin alawus aka tarar akwai masu aiki a sassa biyu, akwai waɗanda aka ba da aronsu na ɗan lokaci, kuma ana buƙatar tarihin inda kowa ya zauna a baya. Kusan duk abin da aka gina a kan wancan zato yake zaune, gyaran ya ci watanni da kuma amanar da ke tsakaninsu da mai aikin. Zanen alaƙar bayanai da Peter Chen ya kawo tun 1976, zama na kwana biyu da farar takarda da mutanen ofishin ma'aikata, da ya tare wannan. Launin maɓalli da jerin menu ana iya canza su kullum ba asara, amma tsarin bayanai da tsaro da yadda manhaja za ta haɗu da wasu, waɗannan kamar harsashin gini ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma ayyukan da kuskure a cikinsu rai yake ci, ba a cewa bari mu saki mu ji ra'ayin jama'a mu gyara a zango na gaba. Na'urar gashin ciwon daji Therac-25 tsakanin 1985 da 1987 ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima a lokuta aƙalla shida a Amurka da Kanada, wasu suka rasu, kurakuran manhaja ne da rashin nazarin haɗari da gwaji na kirki. Rokar Ariane 5 ta Turai ranar 4 ga Yunin 1996 ta tarwatse cikin kusan daƙiƙa 40 da tashinta, saboda an ɗauko kod daga Ariane 4 ba a sake bincika ko zatonsa ya dace da sabuwar rokar ba, ita ta fi gudu, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, kwamfutar ta tsaya. A 1999 kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta don wani ɓangare yana lissafi da ma'aunin Amurka na fam (na awo, ba na kuɗi ba) wani kuma da ma'aunin tsarin mita. Duba su ukun da kyau, tun daga buƙatu da zato da yarjejeniyar tsakanin sassa matsalar ta faro, wato daidai wurin da nazari mai zurfi da takarda mai sa hannu suke da amfani. Shi ya sa manhajar jirgin sama take da ƙa'ida irin DO-178C inda kowace buƙata sai an nuna kod ɗinta da gwajinta, shi ya sa kuma masu na'urorin asibiti da motoci suke riƙe da tsarin V, wanda kowane matakin zane yake da matakin gwajin da ke fuskantarsa. Su ma yanzu suna aro zango zango a cikin gininsu, amma ba su yar da takardunsu ba, kuma ni ba zan so in hau jirgin da aka yar ba.

Ni in aka kawo min aiki ba na fara tambayar wace hanya za mu bi. Ina tambaya ne shin abin da ake so sananne ne kamar lissafin da doka ta riga ta ƙayyade, ko sabon abu ne da mai shi ma lalube yake yi. Ina tambaya in mun yi kuskure me zai faru, wani zai ɗan ji haushi ne ko albashin mutane zai maƙale ko rai zai salwanta. Sai in nemi sanin wa zai zauna da mu kuma yana da iko ko babu, ana iya kunna aikin gutsure gutsure ko sai ya cika, kwangilar kuma ta bar ƙofar canji ko ta rufe. Amsoshin nan su ke zaɓar hanya, kuma mafi yawan lokuta gauraye ake samu, a yi 'yan makonni ana nazari da zanen harsashi da gaske, sannan a gina sauran zango zango ana nunawa, a rubuta takardar da wanda zai gaji aikin bayan shekara biyar zai buƙata a bar wadda ba mai karantawa.

Don haka ina roƙon 'yan uwana malamai, mu rage tambayar nan ta kawo fa'ida biyar da illa biyar na Wotafol da Ajayil, ɗalibi ya haddace teburi ya zuba ya manta. A ba shi labarin aiki, asibiti ne ko banki ko wasan waya, a ce ya zaɓa ya kare zaɓinsa, a kuma tura shi ya zauna yini guda da akawu ko mai sito ya dawo ya faɗi abin da ya gani wanda ba a faɗa masa ba. Masu ba da kwangila kuma don Allah in kuna son Ajayil ku ba da mutuminku mai iko ku kuma rubuta kwangilar da ta yarda da canji, in ba za ku iya ba ku faɗa tun farko a san yadda za a tsara aikin.

Shi kuma marubucin ina masa godiya da ya buɗe wannan fage, ina roƙonsa ya nemi maƙalar Royce ta 1970 ya karanta ta har ƙarshe, shafukanta ba su wuce goma sha ɗaya ba, in ya so ya dawo mana da kashi na biyu a wannan shafi. Kai kuma Malam Edita in akwai fili ina so ka ba ni dama wani satin in rubuto yadda ake zama da ma'aikaci a tambaye shi aikinsa ba tare da ya ji kamar an zo ƙwace masa kujera ba.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naku,
Mai bibiyar shafinku na kimiyya da fasaha